BABI NA UKU: NEMAN BAYANAI A DANGANTAKAR JAM'I-DA-JAM'I TA HANYAR TASKA

3.0 GABATARWA

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar rumbun bayanai da yadda ake tsara shi jadawali-jadawali. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin bayyana yadda mai tsara manhaja yake neman bayanai idan dangantakar da ke tsakanin jadawali biyu ta jam'i-da-jam'i ce, kuma yana aiki ne ta hanyar taska. An ɗauki manhajar Doctrine a matsayin abin misali, domin ta haɗa dukkan abubuwan da ake son a yi magana a kansu. Haka kuma an ɗauki rajistar kwasa-kwasai ta ɗaliban jami'a a matsayin fagen gwaji. Dalili kuwa shi ne, kuskure kaɗan a irin wannan aiki yana iya sa sunan ɗalibi ya faɗi daga takardar masu zana jarrabawa, ko kuma a ƙidaya mutum ɗaya sau biyu wajen raba kujeru.

3.1 IRE-IREN DANGANTAKA A RUMBUN BAYANAI

Tsarin adana bayanai cikin jadawalai masu dangantaka ya samo asali ne daga maƙalar da Edgar F. Codd, ma'aikacin kamfanin IBM a Amurka, ya wallafa a shekarar 1970. A shekarar 1974 Donald Chamberlin da Raymond Boyce na wannan kamfani suka gabatar da harshen tambayar rumbu wanda daga baya aka san shi da SQL, aka kuma daidaita ƙa'idojinsa a Amurka a 1986. Shi kuwa Peter Chen, a 1976 ya fito da hanyar zana abubuwa da dangantakar da ke tsakaninsu tun kafin a gina rumbun.

Bisa wannan tsari, dangantaka iri uku ce. A wannan nazari an aro kalmomin tilo da jam'i daga nahawu domin a raɗa musu suna:

(a) Tilo-da-tilo: kamar ɗalibi da katin shaidarsa. Ɗalibi ɗaya, kati ɗaya.

(b) Tilo-da-jam'i: kamar sashe da ɗalibansa. Sashe ɗaya yana da ɗalibai da yawa, amma kowane ɗalibi sashe ɗaya gare shi.

(c) Jam'i-da-jam'i: kamar ɗalibai da kwasa-kwasai. Ɗalibi ɗaya yakan ɗauki kwasa-kwasai da yawa, kwas ɗaya kuma ɗalibai da yawa ne suke ɗaukarsa.

Iri na biyu ba shi da wahalar adanawa, domin gurbi ɗaya za a ƙara a jadawalin ɗalibai a rubuta lambar sashe a ciki. Irin wannan gurbi shi ake kira baƙon mabuɗi, wato lambar da aka ɗauko daga wani jadawali domin ta yi nuni zuwa gare shi. Amma iri na uku ba ya yiwuwa ta wannan hanya, saboda ƙa'idar farko ta tsarin Codd ta tanadi cewa kowane gurbi ƙima ɗaya tak zai ɗauka. Ke nan ba daidai ba ne a jera lambobin kwasa-kwasai takwas a gurbi guda. Mafita ita ce a ƙirƙiri jadawali na uku, wanda za a kira jadawalin mahaɗa. Gurbi biyu gare shi: lambar ɗalibi da lambar kwas.

Misali, a ce akwai ɗalibai huɗu masu lamba 1 zuwa 4, da kwasa-kwasai uku: Nahawu mai lamba 10, Adabi mai lamba 20, Al'ada mai lamba 30. Jadawalin mahaɗa zai iya kasancewa kamar haka:

Ɗalibi 1, Kwas 10
Ɗalibi 1, Kwas 20
Ɗalibi 2, Kwas 10
Ɗalibi 3, Kwas 20
Ɗalibi 3, Kwas 30

Za a lura cewa ɗalibi na 4 bai fito ba, domin bai yi rajistar kowane kwas ba. Gurabun nan biyu a haɗe su ne babban mabuɗin jadawalin, don haka rumbu ba zai yarda a rubuta ɗalibi ɗaya a kwas ɗaya sau biyu ba. Da wannan misali za a ci gaba da aiki har ƙarshen babin.

3.2 MA'ANAR ORM DA TASKA

Yawancin manhajojin zamani ana rubuta su ne da harsunan da suke kallon bayani a matsayin abu mai siffofi da ayyuka. A irin wannan harshe, ɗalibi abu ne guda wanda yake ɗauke da sunansa da lambarsa da jerin kwasa-kwasansa. Shi kuwa rumbu bai san jeri a cikin abu ba, layuka da gurabu kawai ya sani. ORM ita ce manhajar da take zama gada tsakanin waɗannan tsare-tsare biyu: tana mayar da layi ya zama abu idan ana karantawa, ta kuma mayar da abu ya zama layi idan ana adanawa.

Daga cikin fitattun irin waɗannan manhajoji akwai Hibernate, wadda Gavin King ya fara a 2001 domin harshen Java, da Doctrine ta harshen PHP, wadda aka fara a 2006, aka kuma fitar da zubinta na biyu a watan Disamba na 2010. Doctrine tana da nata harshen tambaya mai suna DQL, wanda ya ɗauki salo daga HQL na Hibernate. Bambancinsa da SQL shi ne, da sunayen abubuwa da siffofinsu ake rubuta shi, Doctrine ce take fassara shi zuwa sunayen jadawalai.

Ita kuwa taska, wani sashe ne na manhaja da ake tara duk tambayoyin da suka shafi abu iri ɗaya a cikinsa. Martin Fowler ya kawo bayanin wannan tsari a littafinsa na 2002, Eric Evans ma ya ba shi muhimmanci a nasa na 2003. Za a iya kwatanta taska da ma'aikacin ɗakin karatu: mai neman littafi ba ya shiga cikin kantoci, sai dai ya faɗi abin da yake so a ɗauko masa. Amfanin haka shi ne, idan aka gano kuskure a wata tambaya, wuri ɗaya za a gyara.

3.3 ƁANGARE MAI RAGAMA DA ƁANGAREN MADUBI

Kafin a yi tambaya, wajibi ne a sanar da Doctrine yadda dangantakar take. A cikin abin da aka kira Dalibi za a sa siffa mai suna kwasakwasai, a cikin Kwas kuma a sa siffa mai suna dalibai, a yi wa kowace alamar ManyToMany. Jadawalin mahaɗa ba ya samun abu nasa na kansa, Doctrine ce take kula da shi a bayan fage.

Sai dai ɓangarorin biyu ba matsayinsu ɗaya ba. Ɗaya shi ne mai ragama, wanda yake ɗauke da kalmar inversedBy da bayanin jadawalin mahaɗa. Ɗayan kuwa madubi ne kawai, kuma shi ke ɗauke da kalmar mappedBy. A lokacin adanawa, ɓangare mai ragama kaɗai Doctrine take dubawa. Idan Dalibi ne mai ragama, mai tsara manhaja kuma ya saka ɗalibi cikin jerin da ke jikin Kwas kaɗai, to babu layin da zai shiga jadawalin mahaɗa, kuma babu saƙon kuskure da zai fito. Ɗalibi zai tafi da zaton ya yi rajista, alhali rumbu bai san da ita ba. Saboda haka ake rubuta aiki guda wanda zai sabunta ɓangarorin biyu a tare. Wajen tambaya kuwa, ana iya farawa daga kowane ɓangare.

3.4 HANYOYIN YIN TAMBAYA

Kowace taska a Doctrine tana zuwa da wasu ayyuka na gado, kamar find da findAll da findBy da findOneBy. Mai koyo yakan fara gwada findBy domin ya nemo ɗaliban wani kwas, sai ya ga abin ya ƙi. Dalili shi ne, findBy tana kafa sharaɗi ne a kan gurabun jadawalin abin da ake nema, jadawalin ɗalibai kuwa ba shi da gurbin kwas. Bayanin yana can a jadawalin mahaɗa. Don haka dole ne a rubuta sabon aiki a cikin taska, ko dai da DQL kai tsaye ko da QueryBuilder, wanda yake harhaɗa DQL gaɓa-gaɓa.

3.4.1 Neman Ɗaliban Kwas Ɗaya

SELECT d FROM Dalibi d JOIN d.kwasakwasai k WHERE k.lamba = :lamba

A nan haɗi ɗaya aka rubuta, amma Doctrine za ta mayar da shi haɗi biyu a SQL: daga jadawalin ɗalibai zuwa na mahaɗa, daga na mahaɗa zuwa na kwasa-kwasai. Idan aka ba da lamba 10, amsa ita ce ɗalibi na 1 da na 2. Akwai kuma gajeriyar hanya:

SELECT d FROM Dalibi d WHERE :kwas MEMBER OF d.kwasakwasai

Wannan tana duba jadawalin mahaɗa ne kawai ta ga ko akwai layin da ya dace. Ya kamata a lura da kalmar da ke bayan ɗigo biyu. Gurbi ne da ake cikewa daga baya ta hanyar setParameter. Ba a so a manna abin da mai amfani ya rubuta kai tsaye a jikin tambaya, domin ta nan ne masu kutse suke cusa nasu umarnin su karanta ko su goge bayanan da ba nasu ba.

3.4.2 Neman Masu Ɗaya Daga Cikin Kwasa-kwasai

SELECT d FROM Dalibi d JOIN d.kwasakwasai k WHERE k.lamba IN (:lambobi)

Idan lambobin su ne 10 da 20, rumbu zai dawo da layi huɗu, domin ɗalibi na 1 ya fito sau biyu. Idan abubuwa aka nema, Doctrine za ta haɗe maimaicin ta ba da ɗalibai uku. Amma idan ƙidaya aka nema da COUNT, amsar za ta zama 4, wadda kuma ba daidai ba ce. Maganin wannan shi ne a sa kalmar DISTINCT a cikin ƙidayar, domin a lissafa kowane ɗalibi sau ɗaya.

3.4.3 Neman Masu Dukkan Kwasa-kwasai

Wannan tambaya tana da muhimmanci wajen tsara jadawalin jarrabawa, domin idan akwai ɗalibin da yake ɗaukar Nahawu da Adabi duka, ba za a sa su a lokaci ɗaya ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta cewa lambar kwas ta zama 10 kuma ta zama 20. Irin wannan tambaya ba za ta dawo da kowa ba, saboda rumbu layi-layi yake auna sharaɗi, kuma babu layi ɗaya da yake ɗauke da lambobi biyu. Mai tsara jadawali zai ɗauka babu karo, alhali akwai. Hanyar da ta dace ita ce:

SELECT d FROM Dalibi d JOIN d.kwasakwasai k WHERE k.lamba IN (:lambobi) GROUP BY d.lamba HAVING COUNT(k.lamba) = 2

Wato a tattara layukan kowane ɗalibi wuri ɗaya, sannan a zaɓi wanda layukansa suka kai adadin kwasa-kwasan da aka nema. A misalinmu ɗalibi na 1 ne kaɗai. Wannan ƙidaya ta inganta ne saboda babban mabuɗin jadawalin mahaɗa ya hana maimaici. Har ila yau ana iya jera MEMBER OF sau biyu a haɗa su da AND, sakamakon ɗaya ne.

3.4.4 Neman Waɗanda Ba Su da Kwas

Haɗi na JOIN yana zubar da duk wanda ba shi da abokin haɗi, don haka ɗalibi na 4 ba zai taɓa fitowa a tambayoyin da suka gabata ba. Idan ana son jerin waɗanda ba su yi rajista ba, sai a rubuta:

SELECT d FROM Dalibi d WHERE d.kwasakwasai IS EMPTY

Idan kuma ana son dukkan ɗalibai, masu kwas da marasa kwas, sai a yi amfani da LEFT JOIN. Haka nan, neman waɗanda ba su ɗauki Nahawu ba ana yin sa ne da NOT MEMBER OF. Wanda ya rubuta cewa lambar kwas kada ta zama 10, zai ga ɗalibi na 1 ya fito ta dalilin layinsa na Adabi, ga shi kuwa yana ɗaukar Nahawu.

3.5 MATSALOLIN DA AKE FUSKANTA

3.5.1 Yawan Tambayoyi

A bisa al'ada Doctrine ba ta ɗauko jerin kwasa-kwasan ɗalibi sai an taɓa shi. Wannan jinkiri yana da amfani, domin ba a cika ƙwaƙwalwar kwamfuta da abin da ba a bukata. Amma idan aka ɗauko ɗalibai 100 da tambaya ɗaya, sannan aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana buga kwasa-kwasan kowa, to kowane ɗalibi zai jawo tasa tambayar, jimilla 101 ke nan. Masana suna kiran wannan matsala N+1. Ba a cika ganin ta a lokacin gwaji da ɗalibai huɗu ba, sai ranar da dubban mutane suka hau manhajar. Magani shi ne a ambaci ɓangarorin biyu a farkon tambaya:

SELECT d, k FROM Dalibi d LEFT JOIN d.kwasakwasai k

Da wannan, tambaya ɗaya ce za ta ɗauko ɗalibai tare da kwasa-kwasansu.

3.5.2 Guntun Jeri

Hausawa kan ce garin neman gira a rasa ido. Idan aka haɗa hanyar da ke sama da sharaɗi a kan kwas, misali aka ce lambar kwas ta zama 10, to jerin da za a cika wa ɗalibi na 1 zai ƙunshi Nahawu kaɗai, Adabi ba zai shiga ba. Tun da Doctrine tana riƙe kwafi ɗaya ne na kowane abu a tsawon aiki guda, duk wani sashe na manhajar da ya nemi wannan ɗalibi daga baya guntun jerin zai tarar. Ana kauce wa haka ta hanyar raba aikin: a tace da MEMBER OF, a ɗauko cikakken jeri da haɗin da ba shi da sharaɗi.

3.5.3 Rarraba Sakamako Shafi-shafi

Idan ana son a nuna ɗalibai 20 a kowane shafi, akan yi amfani da setMaxResults. Amma layuka wannan umarni yake ƙidayawa. A ce kowane ɗalibi yana da kwas 8, to layi 20 zai ba da ɗalibai biyu cikakku da na uku mai kwas 4 kacal. Domin warware wannan, Doctrine ta tanadi Paginator, wanda yake yin tambaya uku: ta farko ta ƙidaya jimilla, ta biyu ta zaɓo lambobin ɗalibai 20 ba tare da maimaici ba, ta uku ta ɗauko cikakken bayaninsu. Ita kuwa Hibernate, a zubinta na baya, a irin wannan hali takan kwaso dukkan layuka ta yanke a cikin ƙwaƙwalwa, tare da ba da gargaɗi.

3.5.4 Babban Jeri

Kwas na bai-ɗaya yana iya samun ɗalibai masu yawan gaske. Idan adadinsu kawai ake son sani, asara ce a ɗauko su duka. Tun daga zubi na 2.1, Doctrine ta samar da zaɓin EXTRA_LAZY, wanda yake sa ƙidaya da duba ko wani yana cikin jeri su tafi rumbu kai tsaye. Bugu da ƙari, ya kamata a tabbata kowane gurbi na jadawalin mahaɗa yana da fihirisa, domin babban mabuɗin da ya fara da lambar ɗalibi ya fi taimakon mai nema ta ɓangaren ɗalibi.

3.6 LOKACIN DA YA KAMATA A RABA DANGANTAKAR

Jadawalin mahaɗa na ManyToMany gurbi biyu kawai yake ɗauka. Amma a zahiri rajista tana da nata bayanan, kamar zangon karatu da ranar rajista da makin da ɗalibi ya samu. Maki ba siffar ɗalibi ba ne shi kaɗai, ba kuma ta kwas ba ce, na haɗuwarsu ne. Haka kuma ɗalibin da ya faɗi kwas zai sake ɗaukarsa a wata shekara, mabuɗin gurbi biyu kuwa ba zai karɓi layi na biyu ba.

A irin wannan hali, sai a ɗaga mahaɗar ta zama abu mai zaman kansa, a kira shi Rajista, da lambarsa da taskarsa. Dangantakar jam'i-da-jam'i ta rabu ke nan zuwa tilo-da-jam'i guda biyu: ɗalibi ɗaya da rajistoci da yawa, kwas ɗaya da rajistoci da yawa. Daga nan findBy za ta yi aiki a taskar Rajista, domin lambar kwas ta zama gurbi a jadawalinta. A ra'ayin mai wannan nazari, ya fi kyau a yanke wannan shawara tun a matakin zane, domin sauya tsari bayan rumbu ya cika aiki ne mai wahala da haɗari.

3.7 NAƊEWA

A wannan babi an ga cewa dangantakar jam'i-da-jam'i ba ta zama a rumbu sai da jadawalin mahaɗa, kuma ORM tana ɓoye wannan jadawali ne kawai, ba ta kawar da shi ba. An kawo hanyoyi huɗu na tambaya ta cikin taska, wato neman masu kwas ɗaya, da masu ɗaya daga cikin kwasa-kwasai, da masu dukkansu, da marasa ko ɗaya. An kuma nuna matsaloli huɗu da maganin kowace. Abin lura shi ne, yawancin waɗannan kurakurai ba sa fitar da saƙon gargaɗi, amsa ce suke bayarwa wadda ba daidai ba. Saboda haka ya wajaba mai tsara manhaja ya riƙa duba SQL ɗin da Doctrine ta samar, ya kuma gwada kowace tambaya da ƙaramin misali wanda ya riga ya san amsarsa. A babi na gaba za a duba yadda ake adana sabuwar rajista da soke ta ba tare da an bar rumbu cikin ruɗani ba.